Funfunar da ke zaune cikin tsirran ruwa: yadda ake gano ta da yadda ake raɗa mata suna

Idan aka tsinko lafiyayyen ganyen bado daga saman tafki, kore shar, babu tabo babu huji, aka wanke shi tas, aka yayyanka shi ƙanana-ƙanana aka jera guntayen a kan abincin da ake renon ƙananan halittu da shi a ɗakin gwaje-gwaje, to bayan kwana huɗu ko mako guda akan ga wani farin zare mai laushi kamar auduga yana leƙowa daga bakin wasu daga cikin guntayen. Wannan zaren funfuna ce. Idan an yi aikin bisa ƙa'ida, ba daga iska ta faɗo ba, ba kuma daga hannun mai aikin ba. Tun ganyen yana kan ruwa take cikin namansa, tana ratsa tsakanin ƙwayoyin halittarsa ba tare da ta sa masa wani ciwo da ido zai gani ba. Kalmar funfuna a wannan bayani tana ɗauke da ma'ana mai faɗi, wato dukan masarautar halittun da ta ƙunshi funfunar da ke fitowa a jikin abin da ya jiƙe ya daɗe, da naman kaza, da yis. An daɗe ana lissafa waɗannan halittu cikin tsirrai, amma binciken nasaba ya nuna cewa sun fi kusa da dabbobi.

Masana suna kiran funfuna mai zaman cikin tsiro da sunan endofayit, kalmar da aka haɗa daga Girkanci mai nufin "cikin tsiro". Bajamushen masanin nan Anton de Bary ya yi amfani da ita tun 1866, amma ma'anar da aka fi riƙewa yau ita ce wadda Orlando Petrini ya bayar a 1991: duk halittar da a wani lokaci na rayuwarta take iya zama cikin naman tsiro ba tare da ta jawo masa wata illa bayyananna ba. Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan ma'ana, domin yawancin wahalar da za ta biyo baya daga cikinta take fitowa. Ma'anar ba ta ce komai game da dangi ko asali ba, halin zama kawai ta siffanta, kamar yadda kalmar baƙo ba ta gaya maka asalin mutum, balle abin da zai zama gobe. Akwai funfuna mai suna Mycoleptodiscus terrestris da aka fara sani a kan tudu tana ruɓar da saiwar wasu tsirrai dangin wake, kuma sunanta na biyu ma "ta ƙasa" yake nufi. Daga baya aka riƙa samunta zaune lafiya lau cikin Myriophyllum spicatum, wani tsiron ƙarƙashin ruwa da ya addabi tafkunan Amurka, ba ta taɓa shi sai ya galabaita saboda wani dalili, sannan ta juya ta far masa. Masu bincike na rundunar injiniyoyin sojan Amurka sun shafe shekaru suna gwada ta a matsayin makamin yaƙi da wannan ciyawa da wata mai suna Hydrilla. Wanda ya same ta a lafiyayyen ganye zai rubuta ta cikin mazauna ciki, wanda ya same ta bayan wata biyu a wannan ganyen zai rubuta ta cikin masu sa cuta, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Tsirran ruwa masu fure asalinsu na tudu ne. Kakanninsu ne suka koma ruwa, kuma dangi daban-daban suka yi wannan komawa a lokuta daban-daban. Zaman ruwa ya sauya musu jiki. Saurin da oksijin ke yi wajen ratsa ruwa ya yi ƙasa da wanda yake yi a sarari da kusan ninki 10,000, don haka tsirran suka samar da hanyoyin iska a cikin jikinsu, ramuka masu haɗe da juna tun daga ganye har saiwa. Duk wanda ya taɓa karya sandar bado ya ga waɗannan ramuka a jere kamar ƙananan bututu. Ga funfuna, wadda yawancinta ba ta rayuwa sai da oksijin, waɗannan ramuka ɗaki ne mai iska a tsakiyar ruwa. Bugu da ƙari, tsiro guda yana iya zama a wuri uku a lokaci ɗaya, saiwarsa cikin taɓo marar iska, sandarsa cikin ruwa, ganyensa a sarari yana shan rana da ƙura. Ganyen da ke shimfiɗe a saman ruwa ƙofofin numfashinsa a bayansa na sama suke, inda ƙwayoyin irin funfuna da iska ta ɗauko za su iya sauka, shi kuwa ganyen da ke nitse galibi ba shi da waɗannan ƙofofi, kuma rufin kakin da ke kare fatar ganyen tudu ya zama siriri ƙwarai a jikinsa. Kainuwa ma nata daban ne, tun da saiwarta reto take yi cikin ruwa. Saboda haka tambayar wace funfuna ce ke cikin tsiro kaza ba ta cika sai an faɗi a wane sashe na jikinsa, a wane ruwa, kuma a wane lokaci na shekara.

Aiki na farko, kuma wanda ya fi kowanne saurin ɓata sakamako, shi ne raba na ciki da na waje. Fatar tsiron ruwa ba ta taɓa zama fes ba; akwai wani yauƙi a jikinta cike da bakteriya da gansakuka da ƙwayoyin irin funfuna da ruwa ya kwaso daga ko'ina ya manna mata. Sai an kashe waɗannan duka kafin a iya cewa abin da ya tsiro daga ciki ya fito. Yadda aka saba shi ne a wanke samfurin har yauƙin ya fita, a tsoma shi cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a mayar da shi cikin bilic da aka sirka, sannan a ɗauraye shi sau uku ko fiye da ruwan da aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinsa. A nan ne mai aiki ke samun kansa gaba kura baya sayaki. Idan ya yi gaggawar tsamo samfurin, na waje za su tsira su tsiro a farantin da ake renon funfuna a kansa, a rubuta su a matsayin mazauna ciki. Idan ya jinkirta, bilic zai ratsa ya kashe waɗanda ake nema. Ganyen Elodea, wani tsiron ƙarƙashin ruwa, alal misali, kaurinsa jeri biyu ne kacal na ƙwayoyin halitta, har ana iya ganin haske ta cikinsa, kuma mintunan da ganyen itacen tudu mai kauri zai jure ba tare da ya nuna komai ba sun isa su sa wannan ya koɗe ya yi fari fat. Ramukan iskan nan ma suna ƙara matsala, domin duk inda aka yanke sanda ko saiwa, bakin yankan kan tsotsi ruwan magani ya kai shi can ciki, shi ya sa mai lura yakan wanke dogon yanki sannan ya datse bakunan biyu ya yar, ya yi aiki da tsakiyar.

Akwai gwajin da ake yi don samun natsuwa. A danna guntun da aka wanke a kan wani faranti na daban a ɗauke shi, a kuma zuba kaɗan daga ruwan ɗaurayar ƙarshe a wani farantin. Idan bayan kwanaki babu abin da ya tsiro, an ce fata ta tsarkaka. Gwaji ne mai kyau, sai dai ɓangare ɗaya kawai yake dubawa. Yana nuna cewa ba a yi sakaci ba, amma ba ya nuna ko an wuce gona da iri, domin farantin da babu komai a kansa kamarsa ɗaya, ko ganyen da ma fanko ne ko kuwa bilic ne ya share mazaunansa.

Farantin reno shi ma yana da nasa son kai. Abin da aka fi zubawa a cikinsa shi ne agar, wani abu mai daskarewa da ake samu daga jar gansakukar teku, a haɗa shi da ruwan dankali da sukari ko da ruwan tsiron sha'ir, a ƙara maganin kashe bakteriya domin kada su riga funfuna cinye wurin. Irin wannan abinci mai maiƙo masu haɗama yake yi wa daɗi. Funfunar gidan Trichoderma tana iya rufe faranti gaba ɗaya cikin kwana uku ko huɗu, alhali wata tana bukatar wata guda kafin ta kai faɗin farce, kuma idan suka fito daga guntu ɗaya ba za a taɓa sanin ta biyun tana nan ba. Maganin wannan shi ne a yanka guntayen ƙanana sosai, kamar milimita biyu, a riƙa leƙa farantan kullum, duk zaren da ya ɓullo a ɗebi bakinsa da allura a kai shi sabon faranti shi kaɗai. Idan tsiron na teku ne sai a dama abincin da ruwan gishiri. Aiki ne mai cin rai, kuma ribarsa ba ta da yawa. A wani bincike da aka buga a 2014 kan tsirran tafkunan arewacin jihar Arizona ta Amurka, Elizabeth Arnold da abokan aikinta sun jera guntaye 9,600, amma funfuna 226 kawai suka samu, wato ƙasa da uku cikin kowane ɗari. Abin lura shi ne waɗannan 226 sun rabu zuwa kimanin nau'i 60. Sun kuma ga cewa irin funfunar da ake samu ta fi bin sashen jikin tsiro, saiwa ko ganye, da kuma tafkin da aka ɗebo shi, fiye da bin nau'in tsiron kansa.

Da an samu funfuna tsantsa a farantinta, sai a shiga neman sunanta, kuma tsohuwar hanya ita ce duba kamanni. Akan dubi launin da'irar da ta yi daga sama da kuma daga ƙasan faranti, da saurin girmanta, da ko tana zubar da wani launi cikin agar, sannan a ɗebi ɗan kaɗan a sa a madubin ƙara girma. Zaren kansa bai cika faɗin komai ba, domin na dubban nau'o'i kusan iri ɗaya ne. Shaidar tana ga ƙwayoyin iri da sassan da ke haifar da su: na Fusarium masu lanƙwasa kamar lauje, na Alternaria masu duhu da ɗakuna a tsaye da a kwance, na Penicillium a jere kan wani abu mai kama da ƙaramar tsintsiya. Matsalar ita ce da yawa daga mazauna cikin tsirrai ba sa yarda su yi iri a faranti, su yi ta shimfiɗa zare wata da watanni ba tare da sun nuna fuska ba. A tsofaffin rahotanni akan tara irin waɗannan a ƙarƙashin suna ɗaya mai nufin zare marar haihuwa, a ba su lambobi, a wuce.

Wasu kuma ba ƙin haihuwa suke yi ba, yanayin ne bai yi musu ba. A 1942 masanin Ingila C. T. Ingold ya bayyana wani rukuni na funfuna da ya samu a ruɓaɓɓun ganyaye cikin wani rafi kusa da birnin Leicester, waɗanda ƙwayoyin irinsu ke da siffa mai ban mamaki, wasu da hannuwa huɗu a miƙe, wasu dogaye masu murɗewa kamar tsutsa, siffar da ke taimaka musu su maƙale a jikin ganye cikin ruwa mai gudu. Kumfar da ke taruwa a gefen rafi cike take da su, ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubi ya isa a ga iri-iri. Da yawa daga cikinsu ba sa yin iri a busasshen faranti sai an yanki guntun agar an nitsar da shi cikin ruwa ana hura masa iska. An ɗauka aikinsu kawai cin matattun ganyaye ne, har aka fara samunsu zaune cikin rayayyun saiwoyin itatuwan bakin rafi da ke nitse a ruwa, wasu ma irin su Tetracladium a saiwar tsirran da ke nesa da ruwa. Wanda bai san da wannan ba zai ajiye irin wannan funfuna cikin marasa haihuwa, alhali kwanon ruwa kawai take bukata ta faɗi sunanta.

Dogaro da kamanni ya haifar da wani ruɗani da ya daɗe. Funfuna da yawa suna da hanyar haihuwa biyu, ɗaya ta haɗuwar jinsi biyu ɗaya kuma ba tare da haɗuwa ba, kuma siffofin biyu sun bambanta har aka riƙa raɗa musu suna daban-daban, Gibberella ga ɗaya, Fusarium ga ɗayar, alhali halitta guda ce. Babban taron masana tsirrai da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a watan Yulin 2011 ne ya soke wannan tsari, kuma daga farkon 2013 aka tsaya a kan funfuna ɗaya suna ɗaya. Mai kwatanta jerin sunayen da aka buga kafin wannan lokaci da na bayansa sai ya yi hattara, kada ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Yau hukunci ya koma hannun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. Akwai wani yanki a cikin DNA na funfuna da ake kira ITS, wanda tsawonsa yawanci harufa 500 zuwa 700 ne, kuma yana da kyawawan halaye biyu: yawancin cikinsa yana sauyawa daga nau'i zuwa nau'i, gefunansa kuwa kusan iri ɗaya ne a duk masarautar, don haka ana iya kama shi da makama ɗaya, wato ɗan guntun DNA da ke manne wa gefen, ko wace funfuna ce. Ga shi kuma an maimaita shi sau da yawa a kowace ƙwayar halitta, abin da ke sa ɗan zare kaɗan ya wadatar. White da Bruns da Lee da Taylor suka wallafa makaman da ake kama shi da su a 1990, Gardes da Bruns suka ƙara wani a 1993 wanda ya fi karkata ga funfuna ya bar DNA na tsiro, sannan a 2012 wata babbar tawaga ƙarƙashin Conrad Schoch ta tsayar da ITS a matsayin tambarin shaida na funfuna baki ɗaya. Ana ninka yankin da dabarar PCR, a karanta jerin harufansa, a kai shi rumbun bayanai na GenBank a nemi wanda ya fi kama da shi. Cikin daƙiƙu kwamfuta za ta fito da suna da lamba a gefensa, kashi 99 cikin 100 ko makamancin haka, kuma mafi yawan kurakuran wannan fanni a daidai wannan daƙiƙa ake yinsu.

Kama da wane ba ta wane. Da farko, duk mai bincike yana iya zuba jerin harufa a GenBank da sunan da ya ga ya dace, kuma wani nazari da Henrik Nilsson da abokansa suka buga a 2006 ya kiyasta cewa har kusan kashi 20 cikin 100 na jerin funfuna da ke irin waɗannan rumbuna suna iya ɗauke da sunan da ba nasu ba. Wanda ya kwafi sunan da ya fito a sama ya manna wa tasa funfunar, sannan ya zuba tasa a rumbun, ya yi kitso da ƙwarƙwata, kuma na bayansa zai ga shaidu biyu maimakon ɗaya. Don rage wannan ne rumbun UNITE, wanda ake gudanarwa daga Jami'ar Tartu ta Estoniya, yake tace jerin yana tara masu kama da juna a ƙarƙashin lamba ɗaya, kuma mai hankali yakan kwatanta nasa da jerin da aka ɗauko daga samfurin asali, wato ainihin wanda aka raɗa wa sunan tun farko. Na biyu, al'adar cewa duk biyun da suka yi kama da kashi 97 cikin 100 nau'i ɗaya ne, sauƙin lissafi ne kawai. A wasu gidaje nau'o'i mabambanta suna da ITS iri ɗaya harafi da harafi, a wasu kuma 'yan nau'i ɗaya sun bambanta fiye da haka. Abin takaicin shi ne gidajen da ITS ya fi gazawa a kansu su ne aka fi samu a faranti: Fusarium, Penicillium, Aspergillus, Cladosporium, Trichoderma, Colletotrichum. A waɗannan sai an ƙara karanta wasu yankuna, TEF1 ga Fusarium da Trichoderma, beta-tubulin ga Penicillium, kalmodulin ga Aspergillus, sannan a zana bishiyar nasaba a ga reshen da funfunar ta faɗa a kai. Sunan kimiyya kashi biyu ne, sunan gida da sunan nau'i. A ganina, rahoton da ya tsaya a kan sunan gida ya ce iyakar abin da shaidarsa ta kai ke nan ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan wanda ya cika jadawali da cikakkun sunaye daga ITS kaɗai.

Duk wannan ya shafi waɗanda suka yarda suka tsiro a faranti ne. Akwai waɗanda ba sa tsirowa sam. Funfunar rukunin Glomeromycota, wadda ke shiga saiwa tana ba tsiro fosforas tana karɓar abinci, ba ta rayuwa sai a jikin rayayyiyar saiwa, kuma an daɗe ana zaton babu ita a ƙarƙashin ruwa, har Søndergaard da Laegaard suka nuna ta a 1977 cikin saiwar Littorella uniflora da Lobelia dortmanna a tafkunan Denmark, tsirran da ke fitar da oksijin ta saiwarsu zuwa cikin yashi. Irin wannan sai a madubi ake ganinta: a dafa saiwar cikin sinadarin da zai wanke ta ta zama garau, a rina ta da shuɗin launi, sai a ga zaren ya shiga ƙwayar halitta ya yi rassa kamar ƙaramar bishiya. Hanyar zamani ita ce a niƙe naman tsiron a karanta duk DNA na funfuna da ke ciki a lokaci guda, miliyoyin gajerun jeri, kuma kusan kullum adadin da ke fitowa ya ninka na faranti. Sai dai na'ura ba ta bambance rayayye da matacce. Bilic yana kashe ƙwayar iri da ke kan fata amma ba lallai ya rusa DNA ɗinta duka ba, don haka baƙon da ya mutu a bakin ƙofa yana iya shiga lissafin mutanen gida. Faranti yana tabbatar da rai, madubi yana tabbatar da wurin zama, DNA yana ba da nasaba, kuma binciken da ya dogara da ɗaya kaɗai ya bar tambaya biyu a buɗe.

Abin da aka samu zuwa yanzu, galibinsa 'yan rukunin Ascomycota ne, musamman azuzuwan Dothideomycetes da Sordariomycetes da Eurotiomycetes da Leotiomycetes. Idan aka karanta jerin sunayen daga tafkuna daban-daban na duniya sai a ga fuskoki ɗaya suna ta dawowa, Cladosporium da Penicillium da Alternaria da Fusarium, waɗanda ake samu a ƙasa da iska da ƙurar ɗaki. Mai yiwuwa ne da gaske su ne suka fi yawa a cikin tsirran, tun da ruwa yana kwaso irinsu daga tudu ba dare ba rana. Mai yiwuwa ne kuma hanyar aikin ce ke tace sauran ta bar su. Labarin Posidonia oceanica, ciyawar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Bahar Rum, ya nuna abin da haƙuri ke iya tonowa. Masu bincike daga Jamhuriyar Cek ƙarƙashin Martin Vohník sun lura da wata baƙar saƙa ta zare a fatar saiwarta da wasu dunƙulallun ƙwayoyi a ciki, suka yi ta bin ta daga gaɓa zuwa gaɓa, suka rene ta duk da jinkirin girmanta, suka haɗa abin da madubi ya nuna da abin da DNA ya nuna, sannan a 2019 suka raɗa mata suna Posidoniomyces atricolor, sabon gida da sabon nau'i a dangin Aigialaceae, dangin da ya ƙunshi funfunar da ke zaune a itatuwan bakin teku. Ita ce ta fi kowace yawa a saiwar wannan ciyawa, amma har zuwa 2019 ba ta da suna.

Akwai kuma masu shigar burtu. Pythium da Phytophthora suna yin zare fari a faranti kamar kowace funfuna, kuma suna da yawa a ruwa, amma bangon ƙwayar halittarsu da selulos aka gina shi maimakon kaitin, kuma a nasaba sun fi kusa da gansakukar teku mai ruwan ƙasa. Haka Labyrinthula zosterae, wadda ake ɗora wa alhakin annobar da ta hallaka kusan kashi 90 cikin 100 na ciyawar teku ta Zostera marina a gaɓoɓin arewacin Atilantika a farkon shekarun 1930, kuma wadda ake samu zaune shiru cikin ganyen da ba ya nuna ciwo. Ta cika sharaɗin zaman ciki, amma ba funfuna ba ce.

Idan bayan duk wannan aka tabbatar funfunar sabuwa ce, raɗa mata suna yana da dokoki. Dole a rubuta bayaninta da Latin ko Ingilishi, a ajiye samfurin asali, busasshe ko kuwa rayayye da aka daskarar har ya daina motsin rayuwa, a wurin da wasu za su iya zuwa su duba, irin Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan. Tun daga 1 ga Janairun 2013 kuma sai an yi rajistar sunan a MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names kafin ya inganta. Nau'o'in funfuna da aka bayyana a duniya kimanin 150,000 ne, alhali kiyasin da Hawksworth da Lücking suka yi a 2017 ya ce waɗanda ke akwai sun kai miliyan 2.2 zuwa 3.8. Kaso mai yawa na abin da na'ura ke karantowa daga saiwa da ganyen tsirran ruwa yana cikin wannan giɓi, jerin harufa da ba su dace da kowane suna ba, wani lokaci ko ajinsu ba a iya faɗa. An kawo shawarar a yarda jerin DNA kaɗai ya tsaya a matsayin samfurin asali, amma taron masana funfuna na duniya da aka yi a San Juan ta Puerto Rico a 2018 ya ƙi amincewa. Saboda haka irin waɗannan suna nan da lambar rumbu kawai, har ranar da wani zai samo abincin da za su yarda su tsiro a kansa, ko ya gan su a madubi a cikin saiwar da aka rina.